Darasin Sana'a: Gyaran Abin Lanƙwasa Rodi Mai Araha

Darasinmu na wannan wata a kan ƙarfe ne. Da yawa daga cikin samarinmu sun soma ajiye 'yan kayan aiki a zaure ko a ƙarƙashin rumfa, suna yin ƙarfen taga, da murhu, da ƙugiyar guga, da hannun amalanke, suna samun na cefane da rani. Duk waɗannan ayyuka sai an lanƙwasa ƙarfe. Injin da ke yin wannan aiki a birni ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka yawancinmu ƙaramin abin hannu muke saye a kasuwa. Wannan ƙaramin abu shi za mu duba yau.

A ranin 2024 muna aikin murfin rijiya da ƙarafan taga na wani ɗakin ajiya kusa da Dingyaɗi, a ƙasar Boɗinga. Na je birni na sayo irin wannan abu. Ga kamanninsa, domin wanda bai taɓa gani ba. Akwai farantin ƙarfe kamar faɗin tafin hannu biyu. A tsakiyarsa akwai guntun ƙarfe a tsaye, wanda rodi yake zagayawa. A darasin nan za mu kira shi turke. A gefe akwai wani guntu mai riƙe jelar rodi kada ta bi hannu, shi ne matokari. Sa'an nan akwai hannu mai juyawa a kan turken, da ɗan haƙori a jikinsa mai tura rodi.

Kwana biyu ya yi mana aiki lafiya da rodi mai milimita 8. Ran na uku muka sa masa mai milimita 12. Turken ya karkace, hannun ya tanƙware, rodi biyu suka tsage a daidai kwana. Raina ya ɓaci, na ce a jefa shi cikin kayan gwangwan. Wani saurayi cikin masu aikin ya ce mu kai wa wani dattijo maƙeri, maƙwabcinsu, ya gani tukuna.

Muka same shi a maƙera, yaronsa yana zuga. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ga abin da na sayo, ya lalace." Ya jujjuya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa turken da guduma, ya ce, "Malam, wanga abu bai ɓaci ba. Ƙirarshi ce ba a ida ba." Yini biyu muka yi tare da shi. Shi Musulmi ne, ni Kirista, bai taɓa shiga aji ba, ni kuwa na yi kwalejin horon malamai, amma a yinin nan biyu ni ne almajiri. Abin da na iya ƙarawa shi ne lissafi kaɗai. Abin nan yana aiki har yau.

Wanda ya karanta 1 Sama'ila sura 13 zai tuna lokacin da ba maƙeri ko ɗaya a ƙasar Isra'ila, sai kowa ya gangara wurin Filistiyawa a wasa masa garma da gatari. Jama'ar da ba ta iya gyara kayan aikinta ba, kullum tana hannun wasu. Mu kuwa Allah ya bar mana maƙera a ƙauyukanmu, sai mu riƙa zuwa wurinsu.

Gindi tukuna

Abu na fari da Baba ya tambaya shi ne, a kan me muka ɗora shi? Na ce a kan benci, da ƙusa huɗu. Ya yi dariya. In gindi yana motsi, rabin ƙarfinka a girgiza benci yake ƙarewa, kwanar kuma ba za ta fito daidai ba.

Ka nemi gungume mai nauyi, ka binne shi kamu biyu a ƙasa, kansa ya tsaya daidai ƙugunka. Kirya ta fi, amma ta yi wuya yanzu, maƙera kuma suna bukatarta don gawayi. Kada ka sare ɗanyen itace saboda wannan. Busasshen dogon yaro ma ya isa. In gara ta dame ka, ka yanka tsohuwar duro biyu, ka cika rabin da kankare, ka kafa bolti huɗu a ciki tun yana ɗanye, daidai da ramukan farantin. Ka yi ta ba shi ruwa kwana 7 kafin ka taɓa shi. Ka kuma zaɓi fili, gama tsawon rodi guda mita 12 ne, jelarsa tana shara da nisa sa'ad da ake juya shi.

Farantin da ake sayarwa yakan yi sirara. Ka sa masa wani a ƙarƙashi mai kaurin milimita 10 ko 12. Ana samun irinsa wurin 'yan gwangwan a Sakkwato, wanda kuma yake da hanya zuwa Kano zai samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Mu da bolti muka haɗa su, ba da walda ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, mai walda da janareta ba ya kunna inji da araha. Maƙeri kuwa yana iya gasa faranti ya huda shi da gawayi kaɗai.

Turke, da dalilin da rodi yake tsagewa

Nan ne zuciyar darasin, sai mu ɗan daɗe.

Ɗauki ɗanyen karan dawa ka lanƙwasa shi a kan gwiwarka a hankali. Zai bi. Ɗauki wani ka lanƙwasa shi a kan bakin fartanya. Zai karye nan take. Kara iri ɗaya ne, ƙarfinka ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne kaurin abin da karan ya zagaya. Duk abin da aka lanƙwasa, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma yana matsewa. In kwanar ta yi tsini, ɗan wuri kaɗan ne zai ɗauki dukan miƙewar, sai ya yage. In kwanar tana da faɗi, miƙewar ta rarrabu.

To, masu ƙera abin nan mai araha sukan sa siririn turke, wani lokaci bai fi kaurin rodin da za a lanƙwasa ba. Shi ya sa rodinmu ya tsage. Da na ɗora laifin a kan rodi, ashe turke ne.

Masanan gini suna da ƙa'ida a kan wannan. Ga rodi har zuwa milimita 16, kaurin turke kada ya gaza kaurin rodin sau huɗu. Wato rodi mai milimita 8 yana son turke mai 32, mai 10 yana son 40, mai 12 yana son 48, kusan inci biyu ke nan. In ya fi haka kauri ba laifi. In ya gaza, akwai laifi, ko da idonka bai ga tsaga ba.

Ba sai ka yi turke uku ba. Ka yi guda ɗaya mai ƙarfi, sa'an nan ka yi masa riguna. Riga ita ce guntun fayif mai kauri, tsawon yatsa, wadda za ka zura a kan turken. Kowane rodi da rigarsa. Fayif ɗin ruwa mai sirara zai lotse, sai ka zura ƙarami cikin babba su zama biyu. Abin da ya fi duka shi ne zoben cikin tsohon boris na mota, gama ƙarfensa ba ya lotsewa. Ka rubuta lamba a kan kowace riga da fenti, ka rataye su a waya ɗaya, don yara suna son wasa da su.

Shi turken kansa, wanda ya zo da abin ƙarfe ne mai laushi. Baba ya cire shi, ya yanko guntu daga tsohon ƙarfen da ke juya ƙafar baya ta mota, mai kauri kamar inci ɗaya. Amma ka lura da wannan ƙwarai. Irin wannan ƙarfe, da sifirin na mota, ba sa son walda. In aka yi musu walda suka huce da sauri, sukan tsage a gefen waldar, wata rana kana cikin ja sai turke ya ɓalle, kai kuwa ka faɗi da baya. Hanyar da ta fi ita ce a huda faranti biyun, a zura turken ya wuce har cikin gungumen. Ba abin da zai karkatar da shi, in ya ci kuma sai ka zare ka sa wani. In dole ne a yi walda, a gasa ƙarfen tukuna, bayan an gama a binne shi cikin toka ya huce a hankali. Kada a tsoma shi a ruwa.

Wani zai ce, ai rodin da ne mai kyau, na yanzu ba shi da kirki. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. A farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnati ta buɗe masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo. Yawancin rodin da ke kasuwa yanzu kuwa daga narkakken gwangwan ake yinsa, wani ya yi laushi, wani ya yi tauri kamar ƙashi. Amma wannan dalili ne na ƙara kaurin turke. Tun da ba ka san halin rodin da ka sayo ba, ka ba shi kwana mai faɗi.

Saura haƙorin da ke jikin hannu. Yadda aka sayar da shi, gogar rodi yake yi, yana kankare shi, yana cin ƙarfinka. Ka cire shi, ka sa bolti mai ƙarfi a wurinsa, ka zura masa ƙaramin boris ko guntun fayif mai juyawa, domin ya riƙa mirginawa a kan rodin. Ka duba kan boltin. Wanda aka buga wa lamba 8.8 ya fi mai 4.6 ƙarfi nesa, wanda ba shi da lamba kuwa kada ka amince da shi. Tun da riguna sun bambanta, ka huda rami uku a jikin hannun, domin haƙorin ya matsa gaba ko baya. Tsakanin riga da haƙori a bar wurin da rodi zai shiga, da ɗan sarari kaɗan.

Hannu

Kowa ya san dogon hannu ya fi sauƙin ja. Hannu mai mita ɗaya yana bukatar rabin ƙarfin da mai rabin mita yake bukata. Sai ka zura fayif mai kauri a kan hannun, ka huda, ka ɗaure da bolti don kada ya zame. Amma wannan gyara shi ne na ƙarshe. Kuskuren da mu muka yi ke nan a ran nan na uku: da rodi ya ƙi, sai muka zura dogon fayif, mutum biyu suka ja. Duk ƙarfin nan a kan siririn turke ya sauka.

Ga wani lissafi da ya ba ni mamaki. In kaurin rodi ya ninka biyu, ƙarfin da ake bukata ba biyu yake ninkawa ba, takwas ne. Mai milimita 12 ya fi mai 10 wuya kusan sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Mai 16 ya fi mai 12 wuya fiye da sau biyu. Saboda haka ni a ganina wannan abu, ko an gyara shi, iyakarsa milimita 12. Abin da ya wuce nan a kai wa masu babban kaya. In kana aiki, ka jawo hannun zuwa wajenka, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kada ka kwanta a kansa kana turawa. A kori yara daga inda jelar rodi za ta bi.

Matsaya da awo

Rodi yana da wani hali. In ka kai shi daidai kwana ka saki, sai ya ɗan komo baya. Dole ka wuce kaɗan, domin in ya komo ya tsaya inda kake so. Mai gwaninta da ido yake yi, amma in taga tana son ƙarfe ashirin iri ɗaya, ido ba ya isa.

Ka ɗauki guntun da ya rage, ka gwada har kwanar ta fito daidai. Ka sa alli a kan faranti inda hannun ya kai. Ka huda wurin, ka sa bolti. Daga nan duk sa'ad da hannu ya bugi boltin, ka saki. Ko yaron da ya zo koyo jiya zai fitar da kwana irin taka. Ya fi kyau ramin ya zama dogo, don boltin ya iya matsawa, gama kowane damin rodi da irin komowarsa. In ka sayo sabo, ka sake gwadawa.

Wanda ba shi da sukwaya, ga dabara. Daga kwanar ka auna santimita 30 a ƙafa ɗaya, 40 a ɗayar. In tsakanin alamun biyu ya ba da 50 cif, kwanarka daidai take.

Akwai kuma asarar da ake yi wajen yanka. Ka ce kana son ƙarfe mai ƙafa ɗaya santimita 50, ɗaya 30, awon waje. In ka yanka 80, zai fito da tsawo, domin rodi ba ya shiga lungun kwana, yanke hanya yake yi. In ka bi ƙa'idar turken nan, kowace kwana ka rage kaurin rodin sau biyu. Ga mai milimita 12, santimita biyu da rabi ke nan, sai ka yanka 77 da rabi. Mariƙin murfin rijiya mai kwana huɗu, ka rage santimita 10. Abin kamar kaɗan ne, amma a ƙarfe ɗari ya kai mita 10, kusan rodi guda da ka saya da kuɗinka.

Ƙawanya ba aikin wannan abu ba ce. In za ka yi ta murhu ko ta cikin kankaren rijiya, ka kafa tsohon ƙarfen ƙafar mota a kan gungume, ko ka kafa turaku a ƙasa a zagaye, ka naɗa rodin a jikinsu. Zagayen ya ɗan gaza yadda kake so, saboda komowar nan. Tsawon da za ka yanka kuwa, ka haɗa faɗin ciki da kaurin rodi, ka ninka da 22, ka raba da 7. Ƙawanyar murhu mai faɗin santimita 30 da rodi mai milimita 10: 31 sau 22, raba 7, ya ba da 97 da ɗan ɗori. In ta rijiya ce, ka ƙara abin da bakin biyu za su hau juna a ɗaure da waya.

Fayif da wuta

Masu yin hannun amalanke da kujeru sukan tambaye ni a kan fayif. Fayif cikinsa rami ne, in ka sa shi a kan turken rodi zai lotse kamar karan albasa. Yana son abin zagayawa mai faɗi ƙwarai, mai kwari a bakinsa inda zai kwanta, kamar tsohon gargaren inji. Ka toshe baki ɗaya da itace, ka cika shi da rairayi, kana bubbugawa har ya daina sauka, sa'an nan ka toshe ɗayan. Ka nemi layin ɗinkin da ke jikin fayif ɗin, ka sa shi ya dubi sama ko ƙasa, kada ya zama a bayan kwana inda miƙewa take.

In za a gasa shi, rairayin ya bushe sarai. Ka soya shi a kan kwano tukuna. Damshi cikin rufaffen fayif yakan zama tururi, ya harbo toshiyar kamar bindiga. Farin fayif na ruwan famfo kuwa kada a sa shi a wuta. Abin da aka shafe shi da shi yana ba da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, sau da yawa sai da dare mutum zai ji shi, ya ce sauro ne.

Rodin gini ma ba a gasa shi. A nan ne kaɗai muka yi gardama da Baba, gama shi komai taurin ƙarfe wuta ce maganinsa. Ga ƙugiya ko murhu, yana da gaskiya. Amma yawancin rodin gini na yanzu tun a masana'anta ake taurara bayansa da ruwa yana da zafi, in ka sake gasa shi ka kashe wannan ƙarfi a daidai kwanar. Haka kuma wanda aka lanƙwasa ba daidai ba, kada a miƙe shi a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya. A ajiye shi don murhu. Na san jarabar da ke nan. Rodi yana da tsada, in kankare ya rufe shi mai gida ba zai taɓa gani ba. Amma a kan murfin rijiyar nan mata za su tsaya kowace safiya da goyo a baya, Ubangiji kuma yana ganin cikin kankare. Rodi biyun nan da suka tsage, da wasu shida da muka lanƙwasa a kan siririn turken, duk mun fitar da su daga aikin.

Abin da muka kashe a gyaran duka, da farantin, da bolti, da ladan Baba, bai kai kuɗin sayen wani sabo irinsa ba. Da damina mukan zare turke da riguna, mu shafa musu baƙin mai, mu kife tsohon kwano a kan farantin.

A taron ƙungiyarku na wannan wata, wanda yake da irin abin nan ya kawo shi, wani ya kawo tef da guntayen rodi. Ku auna kaurin turken, ku raba huɗu, ku ga wane rodi ne ya dace da shi. Sa'an nan ku lanƙwasa guntu ɗaya a kan turken yadda yake, ɗaya kuma da riga, ku fita rana ku duba bayan kwanar kowanne da kyau. In akwai maƙeri a garin, ku gayyace shi, ku shimfiɗa masa tabarma a gaba.